Salula a Cikin Ƙwarya

Nafisa, ke ce kika fi yawan tambaya, tun kina ƙarama, me ya sa ba mu koma Maradi ba kamar yadda aka shirya. Bashir kuma ya ji a bakin gwaggonku Saude cewa ubanku ya maimaita shekara a jami'a, ya riƙe maganar, duk ran da na yi masa faɗan karatu sai in ga yana danne dariya. Gaskiya ne, na maimaita. Amma Saude rabin labarin take ba ku, rabin da ya fi ba da dariya. Ga shi nan duka, in rubuta muku tun ina tuna muryoyin mutanen da ke ciki.

Da girmana na koma karatu. Na yi shekaru ina koyarwa a lakol a Agiye kafin a ba ni izinin tafiya jami'a, sashen nazarin kafofin watsa labarai. Ni ne babba a ajin. Yaran da muke tare da su Mushe suke ce mini, wato Malam, su bar mini kujerar baya saboda sun ga can nake so. Kun san halina. Ina iya tsayawa gaban aji cike da yara in yi magana har azahar, amma in babba ɗaya ya zuba mini ido sai harshena ya yi nauyi. Abin da na iya shi ne rubutu. Kayena, littafin da nake rubutu a ciki, kullum a tsare yake, layi bisa layi, ba na barin gurbi babu cikawa. A shekarar ƙarshe kowa zai rubuta kundin bincike, memwar, ya kare shi gaban malamai. Ni na zaɓi in duba yadda salula, wato wayar hannu, ta canza sauraron radiyo a ƙauyukan Agiye da Gazawa. Ban yi dogon tunani ba wajen zaɓen, domin na tashi da radiyo a cikin dangi.

Kawu Ilu, ƙanen Inna, shi ke gabatar da shirin gaishe-gaishe a ƙaramar tashar radiyon da ke yankinmu. Kun tarar da shi da furfura, amma muryar ba ta canza ba. Ranar kasuwa ake sayar da katin gaisuwa, mutum ya sa a rubuta masa wanda yake gaidawa, Kawu ya tara katunan a cikin wata tsohuwar jakar fata, da hantsi ya zauna gaban makirfo ya yi ta karantawa. Ba ya karanta suna haka kawai. Sai ya ja shi, ya yi masa kirari, ya tambayi lafiyar akuyar gidan. Mafi yawan masu aiko katin ba sa sa sunansu na yanka, laƙabi suke sawa. A shekarun farko na koyarwa, lokacin hutun tara, mu malamai mukan taru gindin dogon yaro mu saurare shi a radiyon direktanmu, shugaban lakol. Akwai wata mai aiko kati kusan kowane mako, tana kiran kanta Mai Tsamiyar Bakin Rijiya, kullum gaisuwarta ɗaya ce: tana gaida mai farin alli, ta ce a riƙa cin abinci, a rage karatu. Kowane malami a cikinmu cewa yake da shi ake. Har musu ake yi a kai. Ni ban taɓa sa baki ba, ban ga matar da za ta ɓata katinta a kaina ba. Daga baya malamai suka sayi manyan salula masu hoto, radiyon direkta ya mutu ba a gyara ba, zaman gindin dogon yaro ya koma kowa ya sunkuyar da kai a tafin hannunsa.

Da na je tashar neman izinin bincike, shugabanta, Mushe Laminu, ya karɓe ni hannu biyu. Matashi ne mai ƙwazo, ba shi da mugun nufi ga kowa. Yana son ya kawo sabon shiri na matasa wanda za a riƙa ɗauka da hoto ana turawa ta salula, kuma ba shi da gurbin da zai sa shi sai na hantsi. Bai ɓoye mini ba. Ya ce ya daɗe yana zaton shirin Kawu ya tsufa, amma ba ya son ya taɓa dattijo a kan zato. In bincikena ya nuna babu masu sauraro, zai sauke shirin. In ya nuna akwai, zai bar shi. Na fita daga buronsa ina jin kaina wani babban mutum, ban lura da nauyin da ya aza mini ba.

Na shirya takardun tambayoyi masu kyau, malamata Madam Zara'u ta duba ta yaba. Na hau moto, wato babur, na bi ƙauyuka har wata uku. Duk gidan da na je, sai in yi abin da kowane baƙo mai tarbiyya yake yi: in yi sallama a ƙofa, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma a zaure ko a gindin itace, a kawo ruwa. In tambaye shi ko akwai radiyo a gidan. Sai ya yi dariya, ya ce akwai gawarsa, wani ma ya aika a ɗauko mini in gani, babu murfin batir, eriya a karye. In tambaye shi inda yake jin labarai, sai ya zaro salula ya nuna mini wa'azi, da kokawa, da saƙon muryar ɗansa da ke ci-rani. Akwai gurbi a takardar da ke tambayar ko matan gidan na sauraron radiyo. Shi ma maigidan ke amsawa. Kusan amsa ɗaya nake samu, cewa mata aiki ya yi musu yawa, ina suka ga lokacin radiyo. Ni kuma in rubuta da kyakkyawan rubutuna, in ja layi. Ko a gidanmu haka na yi. Baba ya zauna ya amsa mini, yana alfahari ɗansa na yi masa tambayoyin jami'a.

Kundin ya fito tsaf. Abin da ya ce shi ne salula ta kashe radiyo a ƙauye. Madam Zara'u ta ji daɗi, aka sa ranar da zan kare shi, har aka yi mini alkawarin aiki a wani ofishin sadarwa a Maradi da zarar na karɓi takardar. Mahaifiyarku ta fara ɗaure kwanoni a buhu. Na je na gaya wa Mushe Laminu sakamakon da baki, ya gyaɗa kai, ya ce zai jira kwafin kundin kafin ya yi wa Kawu magana. A bakin ƙofar tashar na ci karo da Kawu da jakarsa. Ban iya ƙarya ba, na gaya masa, idona a ƙasa. Bai yi fushi ba. Ya ɗaga jakar ya girgiza ta a gabana.

“To waɗanga katunan hwa, aljanu ka aiko min su?”

Na ce mai yiwuwa mutane kaɗan ne suke ta maimaitawa, haka littattafai suka nuna a wasu ƙasashe. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni abu ɗaya.

“Duk yawon da ka yi, ka taɓa wuce zaure?”

Na ɗauka zafin rai ne na wanda za a raba da aikinsa.

Sai in gaya muku yadda nake da Inna, domin ku kun tashi a zamanin da uwa ke kiran ɗanta na fari da sunansa a tsakiyar kasuwa. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ta yi mini magana ba. In na zo gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. In tana da saƙo, sai ta gaya wa Saude ina zaune, ta ce a ce wa mutanen lakol ga fura can. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma yaro bai rasa ranar da zai so a kira shi, ko da ya yi gemu. Saboda haka ba na daɗewa a cikin gida. In gaida ta da sassafe, in fito wajen Baba, in hau moto.

Saura mako uku in kare kundin, na je gida in shaida musu ranar. Da safe zan tafi sai na tarar tayar moto ta sace. Na tura ta inuwar rumbu, bayan dangar da ta raba mu da tsakar gida, na zauna ina fama da faci har hantsi ya ɗaga. Ina jin mata na daka, taɓare uku ko huɗu suna sauka bi da bi. Can sai dakan ya tsaya cak, kamar an ba da umarni. A cikin shirun sai ga muryar Kawu Ilu, tar, tana jan sunan wata Ƴar Baƙar Saniya daga wani ƙauyen Gazawa. Mata suka fashe da shewa, wata ta ce ai ta gane ta, surukar wance ce. Na miƙe a hankali na leƙa ta ɓular danga. An kifa turmi a tsakiyar gida, an aza ƙwarya a kai. A cikin ƙwaryar akwai ƙaramar salula mai madannai, irin wadda ba na ko ƙirgawa a bincikena in ba ta da hoto. Igiyar kunne ta fito daga jikinta, an ja ta sama an rataye a tsinin kara. Igiyar ce eriya, ƙwaryar kuma ita ke ƙara wa muryar ƙarfi. Matan gidanmu da na maƙwabta suna kewaye da ita, kowace da taɓarya a hannu. Inna na can gefe tana sheƙa, kunnenta na wajen. Wannan shi ne gidan da na rubuta da hannuna cewa babu mai sauraron radiyo a cikinsa.

Saude ce ta hango ƙeyata. Lokacin ta zo wankan gida. Ta zagayo ta same ni tsaye da robar faci a hannu, ta tambaye ni leƙen me nake yi kamar ɓarawon kaji. Na tambaye ta tun yaushe suke haka. Ta ce tun ran da salula ta shigo garin. Da can radiyo na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa, in ya tafi gona ya tafi da shi. Yanzu kowace mace da nata a ƙullin zane. Na ce amma Baba ya ce ba a sauraro.

“Baba da hantsi yana gida ne? Yaya, wata uku kana yawo bisa moto kana tambayar waɗanda ba su nan abin da aka yi ba su nan. Wanga shi ne karatun jami'ar?”

Da na koma Agiye na tambayi mahaifiyarku ko ita ma tana jin shirin Kawu. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kullum, da na fita. Har kati ta sha aikawa ƴan uwanta. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba, tana ganin ina ta rubuta akasin haka a kan tabarmar ɗakinta. Ta ce ba ta ga gurbinta a takardata ba.

Na kwana uku ina buɗe kundin ina rufewa. Babu kuskuren lissafi ko ɗaya a ciki, na sake bi na tabbatar. Duk abin da aka gaya mini na rubuta daidai. Mutanen da na tambaya ne ba su ne ba. Na tafi Maradi na sami Madam Zara'u, na yi mata bayani ina in'ina. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce abin da ake yi a irin haka shi ne a ƙara shafi ɗaya a baya, a ce binciken bai kai ga mata ba, wani ya ci gaba daga nan. Malamai za su karɓa, har su yaba mini da na lura. Na ce Mushe Laminu ba zai karanta shafin baya ba, na gaba zai karanta, kuma da shi zai sauke shirin. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce in na janye kundin, sai baɗi. Izinin karatuna zai ƙare, dole in koma aji, in yi binciken a ranakun hutu. Aikin Maradi kuwa ba zai jira ni ba, akwai wani ɗan ajinmu daga Gidan Sori da ke biye da ni a layi. Ta tambaye ni ko na fahimta. Na ce na fahimta. Ban san inda na samo muryar ba, amma ta fito ba rawa. Ta miƙo mini kundin, ta ce in tafi kafin ta fara ba ni shawarar da za ta fi mini sauƙi.

Mahaifiyarku ce na fi jin nauyin gaya wa. Ta riga ta yi sallama da maƙwabta, ta riga ta gaya wa Nafisa za a sa ta lakol mai bene. Na zauna na kwashe labarin duka na gaya mata. Ta tashi ta jawo buhun kwanonin, ta fara kwance igiyar. Tana fiddo su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, da ta kai kan babbar tukunya sai ta ce:

“Da ka kashe mana Kawu ka kai ni Maradi, da wa zai riƙa gaya mini wadda ta haihu a garinmu?”

Daga baya na san ta yi kuka a gidan ƙawarta. A gabana dai ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Da na je na gaya wa Mushe Laminu, ya yarda ya jira har bayan kaka. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo ƙaryata kansa da ƙafarsa ba.

Zagaye na biyu ya fara da abin kunya. Na nemi izinin masu gida, aka bar ni in zauna da mata a wajen injin niƙa da bakin rijiya, Saude na gefena. Ni ina jin kunyarsu, su suna jin kunyata. In yi tambaya ina kallon kaye, su rufe baki da mayafi su yi ta dariya. Duk abin da na tambaya amsar ita ce lafiya lau. Wata tsohuwa ta tambayi Saude ko yayan nata ba shi da lafiya ne, ta ga yana ta zufa. Ranar na koma gida da kaye babu komai a ciki sai kwanan wata. Saude ce ta kawo dabarar. Ta ce matan nan da nake gani, in suka riƙe salula za su aika wa ƴaƴansu saƙon murya, sai batir ya mutu ba su gama ba. Ta ce in ba ta salulata, ni in koma gindin itace in zauna da littafina inda na fi amfani. Ita za ta shiga gida, ta gaya musu tambayar, ta danna musu, mace ta shiga ɗaki ita kaɗai ta faɗi abin da ke ranta. Na sa ta yi musu alkawarin ba za a rubuta sunan kowa ba, kuma ba wanda zai ji muryar sai ni, in ba mai ita ce ta yarda ba.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba. Kowace safiya bayan asuba, kafin in tafi lakol, sai in sa igiyar kunne in rubuta abin da aka ɗauko kalma bayan kalma. Matan da ba su iya ce mini komai ba sai lafiya lau, ga su suna zuba kamar ruwan Agusta. Suna ba da labari, suna kwaikwayon muryar Kawu, suna zagin batir. Wata ta tsaya a tsakiyar magana ta kori akuya, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wani lokaci in yi ta dariya ni kaɗai har Bashir ya farka. A wajensu na koyi abin da babu shi a littattafan da na karanta. Sun ce saƙon murya na mutum ɗaya ne, amma gaisuwar radiyo duk ƙasa ke ji, ita ce ke sa a san kana da mutane. Sun ce akwai wanda ba ka iya aika wa muryarka kai tsaye, kamar suruki, ko miji a gaban mutane, amma a bayan laƙabi kana iya gaida kowa. Na bi sawun abin har kasuwa. Mai gyaran radiyon da na rubuta cewa sana'arsa ta mutu, na same shi da faranti cike da igiyoyin kunne waɗanda kawunansu suka lalace. Ya ce mata ke saye, su igiyar kawai suke so. Mai cajin salula kuma shi ne yanzu ke sayar da katin gaisuwa, mace ta kawo caji ta tafi da kati.

Wata safiya, cikin damina, na buɗe saƙon da ke biye. Aka yi gyaran murya, sannan aka fara magana a hankali. Bik ɗin da nake rubutu da shi ya tsaya a hannuna. Saude ba ta gaya mini ta shiga gidanmu da salular ba. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta fara da cewa ita ba ta san abin da za ta ce ba, ta yi zancen batir kamar kowa, ta ce ƙwaryar duma ta fi kwanon ƙarfe fid da murya. Sannan ta ce:

“Ni abin da ya sa ba ni son a taɓa shirin nan, ina da wani da ba ni iya yi ma magana. Na fari ne. Tun yana ƙarami ba shi son ci, sai littafi. In na gan shi ya rame, ba dama in ce mai ci. To sai in ba ƙanena saƙo ya faɗa a radiyo. Ban sani ba ko yana ji. Ni dai in an faɗa sai in ji na sauke. Akwai tsamiya bakin rijiyar garin da anka haife ni, da ita nike sa suna.”

Sai na ji ta ɗaga murya tana tambayar Saude inda ake kashe abin nan.

Ranar na makara zuwa lakol, karo na farko tun da na fara aiki. Da yamma na tafi wajen Kawu. Na same shi yana jera katuna a kan tabarma. Na tambaye shi wace ce Mai Tsamiyar Bakin Rijiya. Ya ce shi kati yake karantawa, ba ya bin diddigin mutane. Na ce to wa ke rubuta mata katin. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido kamar bai ji ni ba, amma gemunsa na rawa. Da ya gaji da riƙe dariyar sai ya ce shekara da shekaru yana jiran mai farin allin nan ya gane, har ya fara zaton allin ya shige masa kunne.

Ban sa maganar Inna a kundin ba, kuma ban gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku. Kafin in rubuta muku wannan ma sai da na aika Saude ta tambaye ta. Ta ce ita ba ta san wani zance ba, amma in jikoki ne a gaya musu.

Bayan kaka na kai wa Mushe Laminu abin da na samo. Wasu matan sun yarda a ji muryarsu, na kunna masa. Ya saurara yana dariya yana riƙe kai, ya ce ashe tashar tasa cike take da jama'a shi bai sani ba. Bai sauke shirin ba. Ya nema wa shirin matasa gurbi da yamma, ya ƙara wa Kawu lokaci, aka buɗe lambar da mata za su riƙa aiko gaisuwa da muryarsu ana sawa tsakanin katuna. Kawu ya yi mako biyu yana ƙorafin an kawo masa masu gasa, daga baya ya zama shi ke amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Na kare kundin a shekarar da ta biyo, a gaban yaran da suka shigo bayana. Madam Zara'u ta sa ɗalibanta su zo su ji, ta ce in fara da labarin zaure kafin komai. Aikin Maradi ɗan Gidan Sori ya samu, har yau muna gaisawa. Ni na koma ajina, ku kuka tashi a Agiye, a lakol marar bene.

Makon da na dawo daga Maradi da takardata, na je wajen mai caji ranar kasuwa na sayi kati ɗaya. Na daɗe tsaye da bik a hannu, ni da na cika kaye bakwai da maganar mutane. Abin da na iya rubutawa shi ne mai farin alli yana gaida Mai Tsamiyar Bakin Rijiya, ya ce yana cin abinci, karatu kuma an gama. Na ba Kawu ban dube shi ba. Saude ta ce da aka karanta, dakan ya tsaya, mata suka yi ta tambayar juna wane ne. Inna kuwa ta ce wannan salular ta faye surutu, ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka sauke tukunya.

Ranar Juma'a na je gaishe ta. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ta amsa tana kallon bango kamar kullum. Na yunƙura zan tashi sai ta kira Saude, wadda ke tsaye kusa da ni. Ta turo wata babbar ƙwarya da ƙafa, cike da fura, an zuba nono har baki.

“Ki ce ma mutanen lakol an ji. Su shanye wagga in gani in gaskiya ne.”

Na zauna a nan bakin ƙofar, na shanye ta tas.